Simintin da Na Shafa wa Bangon Zaure

A lokacin ni ƙaramin tela ne a wani ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, Jigawa ba ta daɗe da fita daga Kano ba. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma tun tasowata ina da tsoron a zarge ni. Ko ƙyalle ne ya ragu a ɗinkin mutum, sai na naɗe na kai masa har gida.

Wata damina ruwa ya rusa gidaje da yawa a garinmu. Da rani ya shigo, gwamnati ta raba wa masu ƙaramin ƙarfi siminti, domin kowa ya gyara ginin ƙasarsa kafin ruwa ya dawo. Mai unguwa ya ce ma'aikata za su zagayo dubawa, wanda ya sayar da nasa zai yi bayani. Maganar nan ta hana ni sukuni. Ban yi niyyar sayarwa ba, amma na yi ta tunanin ta yaya za su san haka.

Inda ruwa ke cin gidanmu ta baya ne, gindin bangon ɗakin Inna, mahaifiyata, wajen da kwatar maƙwabta ke bi. Matata ta ce a kai simintin can, a yi wa bangon dakali. Na ce wa zai zagaya lungu ya gani? Ta ce ai ruwa ya san hanyar lungun. Inna kuwa ta ce in yi abin da zai kwantar mini da hankali, ita ta saba da danshi. Haka na sa aka shafe bangon zaure mai kallon hanya, ya yi sumul.

Ma'aikatan ba su taɓa zuwa ba. Da damina ta yi tsakiya, wata rana bayan la'asar, bangon baya ya zame ya danne ƙafar Inna tana zaune a kan tabarma. A asibitin Birnin Kudu ta dube ni ta ce, "Ka share idonka, mutane na kallon ka." Ƙafar ta ɗoru, amma da sanda ta ƙarasa rayuwarta, ba ta kuma taɓa tayar da zancen ba.

Da can ina ganin wannan hali nawa riƙon amana ne. Ashe tsoron bakin mutane ne kawai. Wanda duk ya samu irin wannan tallafi, ya zagaya gidansa bayan an ɗauke ruwa, ya duba inda ruwan yake kwanciya. Nan zai sa simintin, ko babu wanda zai gani.