Taku Goma a Bayan Alƙaliya

Jama'a, a rage rediyo, a gyara zama! Ga Sarkin Kwalta nan tafe, angon sitiyari, wanda ya shekara ashirin da biyu yana jan tirela bai taɓa take ko kaza ba. Kawuna ke nan, Direba. Sai dai yanzu a ƙafa yake.

Wata ma'aikaciyar asibiti ya aura, wadda mijinta ya rasu, ya tattara ya bi ta ƙasar da take aiki. Can aka juya lasisinsa gaba da baya, aka ce ya koma makarantar koyon tuƙi. Shi fa! Kafin ranar jarrabawa ta zo, aikinsa ɗaya ne, raka 'ya'yanta biyu makaranta, don uwar tun da sassafe take fita.

Auta ba shi da wuya. Shekararsa shida, duk wanda ya ɗaure masa igiyar takalmi ya zama nasa. Aikin yana wajen babbar, mai shekara sha ɗaya, wadda uwarta ke kira Alƙaliya saboda irin kallonta. Ran farko a bakin ƙofa ta yanke hukunci.

"Mijin Mama, a bayanmu za ka riƙa tafiya. Taku goma. Ƙawayena duk sun san Babana."

Direba ya ce to. Abin ya sosa masa rai, don ba wani abu yake nema ba a duk faɗin ƙasar nan illa wata rana yarinyar ta yarda su jera. Amma mutumin da ya tsufa a hanya ya san ba a matse motar gaba, ba a dama mata lissafi da hon. Jira ake yi har ta ba ka hannu.

Sai ya mai da rakiyar tuƙi. Da sun sauka daga bene sai hannuwansa su kama sitiyarin da babu shi. Gilasan shagunan da ba a buɗe ba su zama garuruwan da ya sha ratsawa da hantsi, tururin gidan burodi ya zama hazon kwari, jar jakarta da ke lilo a gabansa ta zama fitilar wata mota da yake bi a doguwar hanya marar kwana. Ta jakar yake karanta ta. In ta karkata hagu, an yi faɗa da ƙawa. In tana tsalle, an ci gwaji. Wata huɗu yana biye, ya san yarinyar ciki da bai, ita ko keya kawai take ba shi.

Wata safiya ana yayyafi, ya lula can cikin tafiyarsa, yana hawan wani tudu da giya ta biyu, sai ya ji ya kusa yin karo da mutum. Ya ja birki. Alƙaliya ce tsaye a bakin mararraba, fitilar hanya ta ba masu ƙafa hannu amma ba ta tsallaka ba.

"Riƙe," in ji ta, ta miƙa masa jakar ba ta dube shi ba.

Suka tsallaka a jere, Auta a tsakiya yana tattaka ruwa. Har ƙofar makaranta, a kan idon ƙawayen nan, ba ta ce ya koma baya ba. Shi kuwa numfashi ma a hankali yake yi, kamar mai dakon ƙwai a hanya mai ramuka.

Da matarsa ta ba ni labari na buga masa waya da ihuna: "Kawu, ka ci gari! Faɗa wa duniya abin da ka ji a ranka!"

"Takalminta ne ya matse ta," in ji shi. "Kai har yanzu ba ka samu aiki ba?"