Fasinjan da Bai Taɓa Tafiya Ba

"Rana ɗaya tak na roƙe ka ka zauna a gida, Baba. Alhamis. Duniya ba za ta tashi ba."

Bangon da ya raba ɗakinmu da nasu, ko cokali ya faɗi a can sai mun ji. Muryar Auta ce, 'yar maƙwabcinmu, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a.

"To me na yi wa Alhamis ɗin?" in ji uban.

"Malaminmu zai kai mu tasha, mu duba yadda mutane ke zaɓen motar da za su shiga."

"Ashe baƙi zan yi! Sai in sa farar rigata."

"Baba, aikin nan naka yaudara ne!"

Can sai muka ji ya ƙara wa rediyo murya, wanda a wurinsa shi ne ƙarshen fushi.

A tasha Na-Taga ake kiransa, kuma sana'arsa zama. Da sassafe zai ɗauki wata tsohuwar jaka da ya cika da jaridu, ya shiga bas ɗin da ke kan layi tun babu kowa, ya zauna jikin taga kusa da ƙofa, ya ɗora jakar a cinya. Zai dubi agogo, ya ja tsaki, ya leƙo ya ce, "Direba, yau a nan za mu kwana ne?" Matafiyi ya zo ya ga dattijo mai kamala yana ƙorafi, sai zuciyarsa ta ce masa motar nan ta kusa tashi, ya shiga. Na biyu ya ga mutum biyu, ya shiga. Idan ta kusa cika, Na-Taga ya sulale kamar zai sayo ruwa, ya zagaya ya shiga ta bayanta. Shekara ashirin da ɗaya yana shiga mota kullum, bai taɓa wuce ƙofar tasha a cikinta ba.

"Ɗan Adam ba ya tsoron mota," yakan ce. "Zama na farko yake tsoro, kada a ce shi ne wawan."

Auta ta taɓa yi wa matata bayanin karatunta a bakin famfo. Wai akwai masu nazarin zuciyar mutum shi kaɗai, akwai masu nazarin al'umma dungurungum, su kuma suna tsakiya, suna tambayar me ke samun zuciyar mutum idan idon jama'a ya hau kansa. Uban yana kan tabarma yana yankan farce, ya ce, "Wannan ai shi nake yi. Takardar ce kawai ba a ba ni ba."

Maganar yaudara kuwa, baki ne kawai ya faɗe ta. Da wannan yaudarar aka yaye Auta, bai taɓa hana ta barci ba. Abin da ke cin ta shi ne, shekara huɗu tana gaya wa 'yan ajinsu cewa babanta "yana harkar sufuri", su kuma suka ɗauka motoci gare shi, ita kuma ba ta gyara musu ba. Shi ma tsohon yana da nasa ɓoyon. Manyan 'ya'yansa sun daɗe suna cewa ya huta, yana cewa direbobi ba za su iya ba sai da shi. Amma tun da matarsa ta rasu, a cikin bas ne kaɗai ake taɓa kafaɗarsa a ce, "Baba, kai ma can za ka?" a kwashe labarin gida a ba shi.

Ranar Alhamis bai je ba. Ya share ƙofar ɗaki sau biyu. Ya kwance rediyon da lafiyarsa ƙalau, ya sake ɗaurawa. Da na gaishe shi ya ce yana hutu ne, ya faɗe shi kamar sunan wata cuta.

Abin da ya faru a tasha, daga baya kowa a gidan hayarmu ya ji shi. Ɗalibai ashirin suka tsaya a inuwa da littattafansu, bas a buɗe, wayam. Matafiya su zo, su leƙa, su ja da baya su tsaya suna kallon juna. Minti arba'in. Malamin ya ce, "Wa zai shiga mu ga abin da zai faru?" Ɗaliban da suka rubuta jarrabawa a kan wannan halin suka tsaya suna kallon juna su ma.

Auta ce ta shiga. Ko don ta burge malam ne, ko jini ne ya motsa, ita ma ba ta sani ba. Ta wuce can baya ta zauna jikin taga, ta ɗora jaka a cinya, ta dubi agogo, ta ja wani tsaki da duk wanda ya san ubanta zai gane. "Direba, muna da uzuri fa!"

Kafin kwatan awa motar ta cika maƙil. Auta na ta ƙirga kawuna tana jin daɗi, ba ta lura da cewa wata mata mai jiki ta zauna kusa da ita da ƙaton buhu ba, wani kuma ya tare hanya da akwati. Ɗan kamasho ya buga ƙofa, direba ya tayar.

"Malam, zan sauka," ta ce a hankali.

"Kowa ma zai sauka, 'yan mata, idan an isa," wani ya amsa. Aka yi dariya.

Motar ta doshi ƙofar tasha, inda malamin da duk 'yan ajin ke tsaye. Tafiyar awa biyar ce. Auta ta zura kai ta taga, ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Direba, tsaya! Ba tafiya zan yi ba! Ni 'yar Na-Taga ce, zaman mota nake yi!"

Ya taka birki har buhun ya kife. "'Yar Baba? Ikon Allah! To shi bai gaya miki ba a zama a baya ba?" Sai da mutum shida suka sauka suna mita kafin ta samu fita, ɗankwali a karkace, a gaban idanu arba'in. Wata ƙawarta ta ce, "Wane ne Na-Taga?" Ta gyara ɗankwalin ta ce, "Babana ne. Aikinsa ke nan." Malamin kuwa rubutu yake yi da sauri.

Da la'asar ta shigo gida tana jan ƙafa. Ɗan kamasho ya riga ya buga wa tsohon waya, don haka ta tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya, yana ta kokawa da fuskarsa kada ta yi murmushi. Mu kuwa kowa ya sami abin yi a tsakar gida.

"Baba, malaminmu ya ce ko za ka zo ajinmu ranar Litinin."

"Sai na duba, ina da aiki," ya ce. Bai matsa mata ta wuce ba. Ya ɗan karkato da kai. "Wayar nan tana ta katsewa, ban ji daidai ba. Sake faɗa mini, Auta. 'Yar wa kika ce musu ke ce?"