Kati Biyar a Hular Illo

A Wara in ka ce Illo, sai a tambaye ka: mai gyaran jirgi ko mai karta? Ai mutum ɗaya ne. Da safe yana bakin tafki yana toshe hujin kwale-kwale da kwalta, bayan la'asar yana kan tabarma a gindin mangwaro yana cinye mu ɗaya bayan ɗaya.

Kartarmu ba irin ta birni ba ce. Kowa da katinsa yake zuwa, a yi zagaye uku. In an gama na farko, kana iya cire kati biyar ka sa waɗansu biyar da ka ɓoyo a hula tun daga gida. Ajiyar hula muke ce musu, kuma nan Illo ya fi kowa. In da Enoch malamin firamare zai kara, mai gaggawar tsiya, sai ya cika hula da katin dakatarwa. In Hammadu ne, mai riƙe manyan kati har ƙarshe, sai ya tanadi na ɗauki-biyu. Shekara ashirin ba mu taɓa cankar abin da ke hular nan ba.

Abin da ba mu sani ba, idonsa ya daɗe da fara tafiya, ciwon nan da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Katinsa kuwa tsofaffi ne, duk sun yi baƙi. Wani kunnensa ya lanƙwashe, wani kwalta ta taɓa gefensa, wani ya taɓa jiƙewa ya kumbura. Da yatsa yake gane kowanne. Matarsa Indo kaɗai ta sani, shi kuma ya rantsar da ita kada ta gaya wa kowa, don tabarmar nan ce wurin da ba a tausaya masa.

Shekarar da aka ba mu sabuwar jiha, 'yan kasuwar Yelwa suka shirya gasa. Ni Arzika, da shisshigina, na ga abin kunya ne gwaninmu ya shiga gari da kati mai warin kifi. Na sayo sabon kwalin kati fil a leda. A bakin ruwa, gaban jama'a, na miƙa masa ana tafi. Hammadu ya zare tsohon katin daga aljihun Illo cikin wasa.

"Wanga ya gama aiki, kihi su yi karta da shi!" Ya wurga shi tafki.

Indo ta ɗora hannu a ka. Muka ɗauka kukan murna za ta yi. Illo ya daɗe yana shafa ledar, sannan ya ce, "Na gode, ƙanena."

A Yelwa aka haɗa shi da wani Basiru daga Shanga. Aka ce kowa ya zaɓi ajiyarsa. Na ga Illo yana murza katin, sumul-sumul duk iri ɗaya, yana kai su har bakin hanci. Ya juyo wajen da ya ji muryata.

"Arzika, wanne na ɗauka? Ban gani."

Na matsa zan gaya masa. Amma doka ce, mu ma tamu ce: in ɗan wasa ya zauna, ba mai ce masa uffan. Alƙalin wasa ya nuna mini in koma bayan igiyar 'yan kallo. Ina tsaye ina kallo Illo ya zari biyar a makance ya tura hula. Zagayen farko ya ajiye katin da bai dace ba har sau uku, mutane suna dariya suna cewa gwanin Wara ya sha rana. Da lokacin canji ya yi, ya taɓa hular, ya janye hannunsa. Me zai cire, me zai sa? Basiru ya gama da shi kafin a kawo shayi. Ban taɓa jin na tsani kaina irin ranar ba.

Bai sake zuwa gindin mangwaro ba. Na bi shi gida, na ce bari in lanƙwasa masa kunnen sababbin, in ɗiga musu kwalta.

"Bari wahalad da kanka," in ji shi. "Waɗancan tsofaffin, idona ya koya ma yatsa su, shekara ashirin. Yanzu wa zai koya mata?"

Biyar ɗin nan suna cikin hularsa har yau. Rannan ya cire ta zai yi alwala, suka zubo, na tsince masa. Ya tambaye ni ko zaɓin ya yi kyau. Na duba: biyu ma ba katin wasa ba ne, takardun talla ne da ake sakawa a cikin kwali. Na ce masa ya yi kyau.