Farfelar Si Munji

Rabin direbobin Binzart ta hannun Si Munji Gharsalli suka koyi tuƙi. Mijin yayata Naziha ne, don haka na san shi ciki da bai, fiye da yadda na so. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kujerar mai zaman banza, ƙafarsa kan birkin malami, bakinsa bai san wata kalma ba sai, "A hankali! A hankali, ɗan albarka, motar ba gadonka ba ce." Da ya yi ritaya, mun ɗauka zai samu kujera a shagon gahawa ya riƙa buga kati kamar kowane dattijon kirki. Ashe mutumin nan da ya tsufa yana hana jama'a gudu, gudun ne ke cinsa a rai.

Sai ya sayi wani tsohon jirgin ruwa mai zani, irin wanda iska ke turawa, a hannun wani Bafaranshe da ya gaji da wahalarsa. Ya raɗa masa suna Barƙ, walƙiya ke nan. Ni kuma, da yake jirgina na kusa da nasa a tasha, kuma ƙanin mata ba shi da bakin cewa a'a, na zama ɗan ja masa igiya.

Kowace Lahadi masu jiragen tasharmu kan yi tsere zuwa wajen Ras Zabib su dawo. Babu kofi, babu lambar yabo. Doka ɗaya ce: wanda ya zo ƙarshe shi zai ciyar da kowa lablabi, romon waken nan da ake ci da gutsuren burodi. Si Munji ya ciyar da tashar nan har mai lablabin ya fara tashi tsaye in ya hango shi. Wanda ya fi kowa jin daɗin abin shi ne Hajj Tijani mai gidan burodi, wanda kusan kullum shi ke zuwa na ɗaya. Yakan sa cokali a kwano ya ce, "Allah ya ƙara wa Walƙiya nawar tafiya, Si Munji. Ka sa a ƙaro mini ƙwai."

Wani zai ce laifin matuƙi ne, ko na zannuwan da suka saki kamar tsohon wando, ko na gansakukar da ta yi wa cikin jirgin gemu. Si Munji ya zauna ya yi nazari, ya gano mai laifi na gaskiya.

"Farfela ce, Rida," ya ce mini. "Ka kashe inji, ka ɗaga zani, ita kuwa tana can ƙarƙashin ruwa ta baje fukafukai. Daidai yake da ka ɗaura bokiti a gindin jirgi kana ja. Wa zai yi tsere da bokiti?"

Na ce, "Ai Hajj Tijani ma irin bokitin ne da shi."

"Nasa ƙarami ne."

Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, wannan shi ne abin haushin. Akwai farfelar da ke magance wannan. Wata tana rufe fukafukanta kamar tafin hannu in an kashe inji. Wata kuma juya su take yi su miƙe da ruwa, su riƙa yanka shi kamar bakin wuƙa. Mai rufewar ba ta da rigima, amma a ribas raguwa ce. Mai juyawar tana cizon ruwa gaba da baya, sai dai tana son kulawa kamar jariri. Zaɓi tsakanin biyun nan ya ci wa Si Munji damina da rani. Ya auna kaurin sandar farfela da tef ɗin ɗinkin Yaya Naziha, ya mayar mata da shi duk baƙin mai. Ya haddace ƙarfin injinsa da lissafin giyarsa, yana karanta wa duk wanda ya yi kuskuren gaishe shi. Ko a wajen ta'aziyya na ji shi yana raɗa wa wani, "Mai fiffike biyu ta fi sulɓi, amma mai uku ba ta girgiza jirgi."

Yaya Naziha ta ce, "Ni lokacin da ka zo neman aurena, ganina ɗaya ka yi ka ce ka yarda."

Ya ce, "Ke ai babu wani zaɓi a unguwar."

Ranar bai ci kuskus a gidan ba.

A ƙarshe mai juyawa ya zaɓa, mai fiffike uku. Wani ɗan baffansa ya taho da ita daga Marsiliya cikin akwatin tufafi, an naɗe ta da tawul. Tagulla ce zalla, tana ɗaukar ido. Abin da aka saye ta kuwa, har yau Yaya Naziha ta san rabinsa ne kawai, kuma a kan rabin ma sai da ta kwanta da ciwon kai.

Aka ɗaga jirgi sama aka ɗaura ta. Irin wannan farfela, kafin a mayar da ita ruwa sai an saita karkatar fukafukanta daidai da ƙarfin inji. Ta zo da takardar bayani. Si Munji ya ture takardar ya ce wannan ta 'yan koyo ce. Tunda gudu yake so, ya murɗa ta zuwa inda ta fi cizon ruwa. Da aka sauke jirgi ya sa giya, inji ya shaƙe ya riƙa aman baƙin hayaƙi, kamar motar da aka tasa da giya huɗu a kan tudu. Aka sake ɗaga jirgi. Wannan karon ya sassauta ta da yawa, inji na ihu kamar ana yanka shi, jirgi na rarrafe. A ɗagawa ta gaba na gan shi a bayan jirgi, ya sa tabarau, yana karanta takardar 'yan koyo a ɓoye.

Ta zauna daidai, muka fita gwaji, kuma gaskiya jirgin ya ɗan ƙara sauri. Matsalar a dawowa ta faru. Tsohuwar farfelarsa in ka sa ribas sai ka ba ta wuta duka, ka jira ta gama shawara, sannan ta fara aiki. Hannunsa ya saba da haka. Muna shigowa wurin ajiye jirgi ya ja ribas ya danna totur har ƙarshe. Sabuwar ba ta san shawara ba. Barƙ ya tsaya cak, na kifa a kan igiyoyi, sannan ya zabura da baya ya tsallaka mashigi ya daki jirgin Hajj Tijani a haƙarƙari.

La'asar ce, bakin tasha cike da masu shan iska, kuma yawancinsu ɗalibansa ne na dā, waɗanda ya sha kayarwa a kan ribas. Ban san wanda ya fara ba. Sai ji na yi tasha ta ɗauka baki ɗaya: "A hankali! A hankali, ɗan albarka!"

Hajj Tijani ya leƙo daga cikin jirginsa da kofin shayi a hannu, rabin shayin a rigarsa, ya ce, "Barka, Si Munji. Yau dai ka kamo ni."

Daga nan hidima ta fara. Duk Juma'a da hantsi Si Munji zai sa tabaran ninƙaya ya nitse da buroshi, ya kankare 'yan ƙumbar da ke manne wa tagulla, don in suka shiga gaɓoɓin fukafukan ba za su juya ba. Akwai ɗan dunƙulen tutiya a hancin farfelar, wanda gishirin teku ke ci maimakon ya ci tagullar. Yakan duba shi kamar mai duba haƙorin jikansa, kafin ya cinye rabi ya canja. In an ɗaga jirgi, shi da kansa ke ɗura mata giris har sai tsohon ya fito ta gefe, ba ya yarda kowa ya taɓa. Zannuwa kuwa suna nan yadda Bafaranshe ya bar su. Famfon kicin ɗin Yaya Naziha ya shekara yana ɗiga.

Wata Lahadi a ƙarshen bazara iska ta taso da ƙarfi daga arewa, irin wadda tsohon jirgi mai nauyi ke so. A hanyar dawowa na waiga, na ga abin da ban taɓa gani ba: jirage biyu a bayanmu. Si Munji ya riƙe sitiyari, idonsa ya kawo ruwa. "Ka gani, Rida? Ka ga aikin tagulla?"

A lokacin ne muka hango kwalekwalen Rayis Ammar, wani tsohon masunci mai kama dorinar teku, 'yar halittar nan mai hannu takwas da ake ɗana wa tukwane a ƙasan ruwa. Injinsa ya mutu, igiyar ruwa na tura shi zuwa duwatsu, yana ta kaɗa riga a sama. Na gaba da mu sun yi nisa, na baya ba za su iso da wuri ba. Si Munji ya dubi kwalekwalen, ya dubi jirage biyun nan na bayanmu. Ya san ruwan wajen cike yake da igiyoyin tukwanen dorina, abin da ya fi tsoro a duniya. Ya zagi teku, ya zagi Rayis Ammar da injinsa da wanda ya sayar masa da shi, sannan ya ce, "Sauke zani. Ta da inji."

Babu filin juyawa a tsakanin duwatsun, don haka da hanci ya shiga. Na jefa igiya, Rayis ya cafke ya ɗaure. Si Munji ya sa ribas, a hankali wannan karon, farfelar ta ciji ruwa ta fisgo jirage biyu da baya kamar ba komai. Mun kusa fita sarari muka ji ƙara a ƙarƙashinmu, jirgi ya ɗauki rawa. Igiyar tukwane ta naɗe ta. Da ƙyar muka ƙarasa fita, muka kashe inji, muka ja Rayis da zani har tasha. Mun iso ana ta jiranmu, kowa ya riƙe cokali.

Da aka ɗaga jirgi, fiffike ɗaya ya lanƙwashe, haƙoran cikinta masu juya fukafukan sun karye. Si Munji ya tsaya a gabanta yana shafa fiffiken. Rayis Ammar ya zo ya rungume shi yana kuka, yana cewa ya ceci uban 'ya'ya. Si Munji ya ce, "Sake ni, Rayis. Da ka san darajar abin da ka karya, da ka zaɓi duwatsun." Amma da Rayis ya ce zai sayar da ragarsa ya taimaka da gyara, Si Munji ya daka masa tsawar da ta sa bai sake tayar da maganar ba.

An gyara ta bayan watanni. Rayis na kawo dorina gidan duk mako, har Yaya Naziha ta ƙare dabarun dafa ta ta koma rabon maƙwabta. Labarin tseren kuwa kullum girma yake. Da farko jirage biyu ne a bayanmu, yanzu in Si Munji na bayarwa, hancinmu na dab da taɓa na Hajj Tijani.

Bana likita ya hana shi nitso saboda kunnensa. Don haka duk Juma'a za ka same shi zaune a kan kujerar roba a bakin tasha, da hular rana, ni kuma ina cikin ruwa da buroshi. Da na ɗago in shaƙi iska zai leƙo.

"Ka juya fukafukan da hannu? Suna tafiya sumul?"

"Suna tafiya, Si Munji."

"Ƙarya kake, ban ga kumfa ta wajen ba. Koma."