Shafin Layin Tireloli a Trans-Amadi

Shekarun baya, lokacin ina sabon hannu a gina manhaja, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro intanet, kawuna ya kira ni mayanka a unguwar Trans-Amadi, can Kudu. Shi ke tsara layin tirelolin shanun da ke zuwa daga Arewa. Kullum rigima, wannan ya ce shi ya riga isowa, wancan ya ce ƙarya ne, shanu kuwa suna cikin mota rana na dukansu. Ashe kawu ya riga ya miƙe gaban dattawa ya ce ɗan ƙanwarsa zai yi shafin da kowane direba zai ga lambarsa a waya kafin Babbar Sallah. Ko tambayata bai yi ba!

Sai batun framework, wato harsashin da ake ɗora manhaja a kai. Abokina da muke aiki tare ya ce mu ɗauki wani tsoho, mai haɗa shafi tun daga kwamfutar da ke ɗauke da shi ya turo wa waya a gama. Na yi dariya har da riƙe ciki. "Haba malam, wannan ai na kakanni ne!" Na zaɓi wanda ake yayi, wanda sai waya ta sauke kaya masu nauyi kafin komai ya fito. Abokin nawa ya ce, "To oga, Allah ya ba da sa'a."

Mako uku ina gini, a kwamfutata kuwa abu sai gudu yake.

Saura kwana tara Sallah na hau okada, wato acaɓa, na je gwaji. Direban farko ya kwance leda ya zaro 'yar ƙaramar waya mai madannai. Na biyu ma haka. Manyan wayoyinsu a gida suke bari, don wa zai shiga cikin shanu da taɓo da waya mai tsada? Aka buɗe shafi, fari fat. Aka jira, fari fat. Wani dattijo ya ce wa kawu, "Alhaji, allo ɗan naka ya kawo mana mu rubuta da kanmu?" Aka kwashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya dube ni ya ce a hankali, "Na fa riga na faɗa wa mutane." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na koma wurin abokina jiki a sanyaye. Bai goranta mini ba, cewa kawai ya yi, "Oya, jawo kujera." Kwana biyar muka rushe muka sake ɗorawa a kan na kakannin. Shafin ya fito mummuna, lamba da sunan direba kawai.

Ranar da tireloli suka yi cunkoso na raɓe gefe ina kallo. Sai na ga wani direba ya duba 'yar wayarsa, ya ce, "Ni ne na huɗu," ya nemi inuwa ya zauna abinsa. Aka sauke shanu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗaga murya. Kawu ya zo wucewa, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Madalla." Sai a lokacin na yi ajiyar zuciya.

Har yau ina son sabon abu, hali zanen dutse. Amma duk wanda ya kawo mini aiki, kafin in buɗe kwamfuta sai na ce ya kai ni wurin masu amfani da shi, su miƙo mini wayoyinsu in gani.