Kwalayen da Yaya Ya Zana wa 'Yan Ajina

Yayana ya daɗe yana zana hotunan littattafan yara a Kano, amma ban taɓa zama na ga yana aikin ba sai da idonsa ya fara rauni.

Mu biyu kaɗai Inna ta haifa, kuma ya ba ni shekaru da yawa. A Kazaure muka tashi, a wani gida da ke gindin dutse. Tun yana firamare yake zane da gawayi a bangon zaure, Baba yana sa shi ya goge. Da ya gama makaranta sai ya samu aiki a wani kamfanin buga littattafai. Idan ya zo sallah yakan kawo mini waɗanda ya yi wa hotuna, in duba gaba da baya ina neman sunansa, ba na gani. Hotunan ma ba su yi kama da mu ba: yaro riƙe da tuffa, jirgin ƙasa, gida mai jan rufi da hayaƙi a kai.

Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, “Abin da aka ce in zana ke nan. Nawa littafin yana tafe, na garin nan.”

Ni kuma na yi aure a Roni, na zama malamar 'yan aji ɗaya. Muna nan sai aikinsa ya ja baya, don kamfanin ya koma ɗauko hotuna daga kwamfuta. Ciwon suga ya biyo baya, ya taɓa masa ido. Ya kwaso iyalinsa ya dawo gidanmu na Kazaure.

Wata Asabar na je gaishe shi, na same shi zaune a inuwar darbejiya ba ya komai. Cikin hira nake faɗa masa damuwata: yarana ba su iya riƙe fensir ba, kuma littattafan koyon zane da ake sayarwa cike suke da dabbobin da ba su taɓa gani ba. Sai ya aiki babban ɗansa ya sayo farin kwali da alƙalami mai kaurin baki. Ya ce ƙaramin layi ya daina ganinsa, amma babba yana gani.

Ya shimfiɗa kwalin a tabarma, ya durƙusa, fuskarsa kamar za ta taɓa shi. Hannunsa bai tsaya ba sai da raƙumi ya fito, da tozonsa da leɓensa mai saukowa, irin waɗanda ake kawowa kasuwar Babura. Sai ya ajiye alƙalamin.

Na ce, “Yaya, ƙafafun fa?”

Ya ce, “Na yaran ne. Idan na gama musu, me za su yi?”

Daga nan kusan duk mako sai na zo na karɓi sababbi. Ya zana rumbu babu jinka, amalanke babu taya, bishiyar kuka da za a rataya wa 'ya'ya, saniya da aka ɗiga hanyar ƙahonta don yaro ya bi. Ya zana duwatsun bayan gidanmu, ya bar sama fili, kowa ya sa abin da yake gani a can. Kwalayen sun fi ƙarfin injin fotokofi, saboda haka a kansu yaran suke aiki. Nakan shimfiɗa ɗaya a ƙasa, su kewaye shi da gutsattsarin fensir na kala, suna ture juna. Idan sun gama in manna a bango.

Sau ɗaya ya zo ajin. Ɗansa ne ya kawo shi a babur, na riƙe masa hannu muka hau dakali. Ranar ya sake kawo zanen raƙumi, don na farkon an yi rigima a kansa. Wata yarinya daga wata ruga ta hanyar Gwiwa, wadda da kyar take magana a aji, ta yi wa raƙumin ƙafafu fiye da kima, har da wasu a wuya. Na miƙa hannu zan gyara mata, Yaya ya ce in dakata. Ya ɗaga kwalin kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

“'Yata, me ya sa ya yi ƙafafu da yawa haka?”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Nisa zai je. In wasu sun gaji sai ya taka wasu.”

Ya yi dariya har da share hawaye. Da muka fito ya ce mini duk shekarun da ya yi a Kano bai taɓa ganin yaro da zanensa a hannu ba. Yakan gama, a karɓa, shi ke nan.

A hanyar rakiya na ce zan ɗauki hotunan kwalayen da waya, mu tara su zama littafin da yake faɗa. Ya girgiza kai.

“Waɗannan gwaji ne, duk a karkace suke. Bari a yi mini aikin idon nan bayan damina, in sake su da kyau.”

Na yarda, don ni ma na ɗauka haka za a yi. Wayar tana cikin jakata, ajin yana bayana a buɗe. Har yau nakan tuna wannan tsayuwar tamu a bakin makaranta.

Cikin dogon hutu iska ta yaye rufin ajina. Da muka dawo na tarar kwalayen sun jiƙe sun bushe sun sake jiƙewa, launin ya zuba a bango, wasu sun faɗo sun haɗe da ƙasa. Ban samu ko ɗaya da za a gane ba. Bayan haka aka kai shi Kano aka yi aikin. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ciwon ya riga ya ci wurin. Ɗan abin da yake gani ma ya ƙara dusashewa.

Na ɗauki lokaci kafin na faɗa masa maganar kwalayen. Ya saurara har na gama, ya tambaya ko an gyara rufin, na ce an gyara. Ya ce to madalla, kada yara su zauna a rana.

Na sake kai masa kwali sau ɗaya. Ya lalubi gefensa, ya fara jan layi, ya zagayo, layin bai haɗu da inda ya faro ba. Ya tambaye ni ko ya haɗu. Na yi jinkirin amsawa, ya gane, ya miƙo mini alƙalamin.

Yanzu yakan wuni a ƙofar shagon ɗansa, yana jin rediyo, masu wucewa suna gaishe shi. Kwanakin baya matarsa ta kira ni ɗaki ta ba ni wani tsohon gwangwanin alewa, ta ce shi ya ce a ba ni. Kayan aikinsa ne na Kano. Alƙaluman duk tawadarsu ta bushe, burusan sun ƙandare. Fensira ne kawai ke da sauran amfani, su ma gajeru. Na feƙe su, ranar Litinin na raba wa 'yan aji, ba su isa kowa ba, na ce su riƙa ba juna.