Benita Mafnas da Izinin Ɗaukaka Ƙara

A garin Malesso da ke kudancin tsibirin Guam, mallakin Amurka, babu wanda ya taɓa ganin Benita Mafnas a zaune. Direbar motar 'yan makaranta ce, da yamma ta gasa kaji a bakin titi, a tsaye take cin abinci kamar mai jiran mota. Tun da aka ɗaure ƙanenta Goro abin ya ƙaru.

Goro masunci ne. An kama ƙwaya a kwalekwalensa, kotun tarayya ta yanke masa hukunci, aka kwashe shi zuwa wani kurkuku can tsallaken teku a Amurka. Daga baya ya kai kuka cewa lauyansa na farko bai kira shaidunsa ba. Alƙali ya yi watsi da kukan, ya kuma hana shi ɗaukaka ƙara. Abin da ya rage shi ne a roƙi babbar kotu izini. Wato kafin ka yi kuka ma sai an yarje maka!

Tsohuwarsu kuwa ciwon ƙoda ya ci ƙarfinta, ta gaji da zuwa asibiti.

"In suka hana shi, na daina wankin ƙodar nan," ta ce. "Wa nake jira?"

Benita ta san halin uwarta, ba ta magana biyu. Tsoro ya hana ta sakat. Kullum sai ta kira sabuwar lauyar Goro, har matar ta ce, "Benita, ko alƙalan ba su kai ki himmar aiki ba."

Wata safiya lauyar ce ta kira da kanta. An ba da izini. Kafin Benita ta sauke yara ta dawo, wata ƙanwar babansu mai bakin ganga ta baza wa gari cewa an saki Goro. Benita ta tarar da mata suna ɗora jar shinkafar biki, tsohuwa kuma ta ci ado da rigar zuwa coci, jaka a cinya.

"Ke, ina kika tsaya? Kai ni filin jirgi."

Benita ta so ta yi ƙarya, bakinta ya ƙi. Ta durƙusa a gabanta.

"Mama, ba sakinsa aka yi ba. Yarda kawai suka yi su saurare shi. Yana iya faɗuwa ma."

"Sai yaushe?"

"Lauya ta ce shekara ɗaya, ko biyu."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon kumburarrun ƙafafunta. Can ta miƙa wa Benita jakar.

"Shekara biyu ana zuƙe mini jini saboda wannan ɗan banzan yaron," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "To me kike jira? Yau ai ranar asibiti ce. Ɗaga ni."